Jama'ar da Na Gani a Cikin Cikina

Salama a gare ku 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba mai bishara, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wannan fili.

Saboda baƙin da suka zo daga wajen Faskari da Sabuwa, sunana Yakubu. Gidanmu yana nan kusa da Yargoje. Amma da za ku je kasuwa shekarun baya ku ce kuna neman Yakubu, ba wanda zai gane. Sai kun ce Ja-da-Yalo. Na ga wasunku suna murmushi. I, ni ne. Ni ne mai babur da lasifika, mai sayar da kafso.

Mahaifina yana cikin na farko da suka karɓi bishara a ƙauyenmu. A ɗakin ibada na koyi karatu da rubutu, an yi mani baftisma, na yi aure a gaban ikkilisiya. Ba ni da hujjar cewa ban san gaskiya ba. Na san ta.

Sai ga shekarun nan da kuɗin mai suka cika ƙasa. Kun tuna. An daina fam an koma naira, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi rediyo, rufin kwano ya fara ƙyalli a garuruwa. Sa'o'ina suna dawowa daga Kaduna da agogo a hannu. Ni kuma ina duƙe a gonar dawa da hauya. Zuciyata ta ƙi.

Wani ɗan kasuwa ya nuna mani inda ake saro magani a kwali. Na sayar da bijimin da mahaifina ya bar mani, na sayi babur, na ɗaura lasifika, na shiga kasuwanni. Yau Kankara, gobe Ruwan Godiya, jibi Damari. Ranar Lahadi ma akwai kasuwar da ke ci, don haka aka daina ganina a nan.

Ban taɓa shiga ajin koyon magani ba ko na yini guda. Amma ku ji bakina a lokacin!

"Ku matso, ku matso! Ciwon ciki, ciwon kai, atuni, gyambo, tari, sanyin ƙashi! Kowane ciwo ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wannan kuwa ba ya barin ko guda da rai! Guda biyu kawai, ka kora da ruwa!"

Mata suna saye su fasa a kunu. Makiyaya suna saye, su sha su ba shanu. Mai gyambo ya barbaɗa garin a ƙafa. Ba na tambayar kowa abin da ke damunshi, sai dai in tambayi guda nawa yake so.

Ina da wata dabara da ta fi lasifika jawo mutane. In taro ya haɗu, sai in ɗaga guda biyu sama kowa ya gani, in jefa baki in haɗiye, in bugi ƙirji in ce, "Ku dube ni! Kun taɓa ganina kwance?" In waɗannan sun watse wasu sun taru, in sake. A kasuwa ɗaya sai in yi haka sau huɗu, sau biyar. Shekara huɗu ina wannan, 'yan'uwa. Ina cin kafso kamar gyaɗa.

Matata Saratu, ga ta can zaune, ta yi magana tun farko. Wata rana tana wanke mani riga ta tarar da kafso cike da aljihu, ta ce, "Baban Hannatu, kai da lafiyarka lau, me kake sha wa magani?"

Na ce, "Ke dai tuwo kika sani. Wannan sana'a ce."

Ta ce, "To Allah shi kyauta." Ta ci gaba da wankinta.

Lokacin cirar auduga abin ya fara. Da fari murɗar ciki ce da gudawa. Na ce atuni ne, ai ga magani a kwali. Na ƙara yawan abin da nake sha. Bayan sati biyu na fara ganin jini da majina. Na canza launin kafso, na bar ja da yalo na koma ja da baƙi. Ya lafa kwana kaɗan, ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Ku gafarce ni, a ɗakin Ubangiji muke, amma shaida ba ta yiwuwa sai an faɗi abin yadda yake. A yini sai in zagaya sau goma sha biyar. In je, ba abin da zai fita sai jini, in taso, kafin in kai ƙofar ɗaki in ji kamar ban je ba. Marata kamar an zuba garwashi. Bakina ya yi gyambo. Gwiwoyina da idon sawuna suka kumbura, ni da ban faɗi ba, ban bugu ba.

Wata ranar kasuwar Ruwan Godiya ina tsaye a tsakiyar taro, lasifika a baki, na ɗaga guda biyu ina cewa ku dube ni, sai cikina ya juya. Ban kai bayan rumfuna ba. Farar riga ce a jikina. Mutane suka ga jini. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mani sauƙi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kwance mayafinta ta miƙo mani ba tare da ta dubi fuskata ba. Da shi na rufa na tura babur har bayan gari.

Daga ranar ban sake fita kasuwa ba.

Wata tara ina gida. Wannan ya ce basir ne, a kawo jiƙo. Wancan ya ce sammu ne, abokan sana'a suka yi mani. Zan faɗi gaskiya a gaban Allah da gabanku: na aika a ɓoye wurin wani boka, ya aiko mani da ƙulli na rataya a ƙugu. Ni ɗan mai bi! Ciwo ya kai ni inda ban taɓa zaton zan je ba. Mun je asibitin da ke kusa, suka gwada, suka ba ni maganin atuni, na ɗan ji dama. Da ya dawo suka sake dubawa, suka ce ba su ga atuni ba, wannan ya fi ƙarfin kayan aikinsu. Suka rubuta mani takarda zuwa babban asibiti a Zariya. Na sa takardar ƙarƙashin tabarma. Ina tsoron a je a ce mani mutuwa zan yi.

Na rame har agogon da nake taƙama da shi yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ɗiyata Hannatu, lokacin tana shekara uku, in na miƙa mata hannu sai ta ɓoye bayan uwarta.

Wanda Allah ya aiko ba daga cikinmu ya fito ba. Alhaji Mamman ne, mai sayen hatsi na Kankara. Shi Musulmi ne, kun san shi, kuma mahaifinshi da nawa abokai ne tun suna samari. Ya zo awon dawa ƙauyenmu, ya ji labari, ya shigo har ɗaki. Ya tsaya ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Yakubu, kai ne haka? Inna lillahi."

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Da sauƙi."

Ya ce, "Wane sauƙi? Saratu, an kai shi asibiti?"

Saratu ta ɗaga tabarma ta ciro takardar ta miƙa mashi. Ashe ta san inda take. Alhaji ya juya ta, ya sa aljihu, ya ce, "Gobe da hantsi a-kori-kurata za ta tsaya ƙofar gidan nan. In ka ƙi tashi, da tabarmar za mu ɗauke ka. Ba zan haɗu da ubanka gobe kiyama shi tambaye ni ba."

Haka aka yi. Ya sauke buhuna, aka shimfiɗa mani katifa a baya. Tsakanin nan da Zariya sau bakwai muka tsaya. Duk tsayawa Alhaji da kanshi yake riƙe ni zuwa bayan kalgo, ya juya baya, ya jira da buta a hannu. Bai taɓa nuna ƙyama ba.

A asibiti suka ce jinina ya kusa ƙarewa, sai an ƙara mani. Aka gwada na Saratu bai dace ba. Alhaji ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nashi. Ya dace. Ina kwance ina kallon jinin Alhaji yana ɗiga cikin jijiyata.

Likitan da ya karɓe ni dattijo ne mai furfura a gefen kai, ba ya gaggawar magana, Hausa kuma ta zauna a bakinshi. Ya duba ni da wani bututu mai fitila. Aka ɗura mani wani farin ruwa kamar kunun alli aka ɗauki hoton cikina. Bayan kwana biyu ya zauna bakin gadona ya ce babban hanjina ne ya yi gyambo tun daga ƙasa har sama, ya yi ja kamar naman da aka feɗe, ko taɓa shi aka yi sai jini. Ya ce ba atuni ba ne, ba basir ba ne, ba kuma sammu ba. Ciwo ne mai daɗewa, yana kwantawa yana tashi. Za su fara mani allura mai ƙarfi. In kwana bakwai suka cika jinin bai tsaya ba, dole a yi aiki a cire hanjin, a buɗe mani ƙofa a gefen ciki, in riƙa ɗaura jaka har ƙarshen raina.

Saratu ta sa mayafi ta rufe baki.

Kun san abin da na yi? Ina da sauran kafso da na ƙulle a tsumma na ɓoye cikin matashi. Na ci gaba da sha a ɓoye. Rana ta biyu wata nas tana gyara gado suka zubo ƙasa, ja da yalo suna gangarawa ƙarƙashin gadajen mutane.

Da Likita ya zo bai yi faɗa ba. Ya ɗauki guda ya duba, ya ce, "Malam Yakubu, tun yaushe kake shan wannan?"

Na faɗa mashi komai. Kasuwanni, lasifika, guda biyu a gaban taro. Ni kuma, da sauran girman kaina, na ce, "Likita, ni ma na san aikin nan kaɗan. Ƙwayoyin cuta ne a cikina. Ka ba ni wanda ya fi wannan ƙarfi, shi kashe su duka in huta."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka, kar a bar ko guda."

Ya ce, "Ka taɓa ganinsu?"

Shekara huɗu ina ihu da sunansu a kasuwa. Na ce, "A'a."

Ya sa aka kawo keken marasa lafiya. Shi da kanshi ya tura ni, Saratu tana biye, har wani ɗaki mai kwalabe da yawa inda ake gwaje-gwaje. Akwai madubin nan na likitoci da ake sa ido a leƙa. Ya sa aka ɗauko abin da na bayar da safe don gwaji. Ya taɓa shi da bakin wani siririn ƙarfe, abin da ya ɗauko bai kai kan allura ba. Ya sa a ɗigon ruwa bisa gilashi, ya murɗa, ya murɗa, ya ce, "Rufe ido ɗaya ka leƙa."

'Yan'uwa!

Na leƙa, na ga haske kamar farin wata. Sai na ga abin yana motsi. Ba guda ba, ba goma ba. Ko'ina! Wasu kamar 'yan sanduna, wasu kamar ƙwayar gero, wasu a jere kamar duwatsun tsakiya a zare. Wasu suna rawa a wuri ɗaya, wasu suna wucewa da gudu kamar an aike su. Na ga kasuwar Funtuwa ranar da ta cika, amma ba ta kai wannan ɗigon ruwa jama'a ba.

Na janye kaina na dubi gilashin da idona. Ba komai, ɗigon ruwa ne. Na sake leƙawa. Suna nan, suna ta harkarsu.

Na ce, "Likita, duk wannan cuta ce? Ashe na riga na mutu."

Ya ce, "Da zan ɗauki nawa in sa, haka za ka gani. Da na matarka, da na Alhajin da ya ba ka jini, da na jaririn da ya kwana bakwai a duniya. Ba mai rai da ke yawo ba tare da su ba. Abin da ke cikin mutum ɗaya ya fi ƙarfin ƙirga."

Saratu ta ce, "Likita, har ni?"

Ya ce, "Leƙa ki gani." Ta leƙa, ta ja da baya ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!"

Sai ya ja kujera ya zauna, ya yi mani bayani da irin maganar da manomi zai gane. Ya ce yawancinsu ba abokan gaba ba ne. Suna taya mutum narkar da abin da ya ci, suna kuma cike wuri don miyagun su rasa masauki. Ya ce, "Ka san shanun da ake kwanar da su a gona bayan girbi? Taki suke ba ka. Amma in shinge ya ɓalle suka faɗa lambu, sai rigima." Ya ce hanji yana da nashi shingen, wata fata mai santsi, kuma bayan shingen jiki yana da masu gadi. Ga mai lafiya, masu gadi sun san waɗannan maƙwabta ne, ba su kula su. Ga mai irin ciwona, shingen ya yi rauni, ƙwayoyin suna taɓa inda bai kamata ba, masu gadi suka tashi da faɗa, suka ƙi dainawa. Faɗan ne yake ƙona hanjin. Hanjin yana ƙonewa, shingen yana ƙara ɓallewa, wasu suna ƙara shiga, faɗa yana ƙara zafi.

Ya ce, "Jikinka ne ke yaƙi da mutanen gidanshi."

Na ce, "To kafson da na sha ne ya jawo?"

Ya ce, "Ba zan ce maka i ba, don ban sani ba. Akwai waɗanda ba su taɓa sha ba kuma suna da ciwon. Mu kanmu likitoci ba mu gama gane abin da ke fara shi ba, muna dai zargin waɗannan ƙananan suna da hannu a ciki. Maganin nan kuma yana da ranarshi, ya ceci rayuka da yawa in an ba da shi daidai. Amma shi bai san na kirki da mugu ba. Shekara huɗu kana share na kirki, kana bar wa masu taurin kai fili. Ban ce kai ka kunna wutar ba, amma ba ruwa ka zuba mata ba."

Aka mayar da ni gado. Hantsi ne, rana ta shigo ta taga. Na ɗora hannu a cikina, wannan cikin da na tsana wata tara, ina tunani: tun ina cikin zanen goyo waɗannan talikai suke tare da ni. Ban san su ba, ban taɓa ciyar da su da sani ba, ban taɓa gode masu ba. Wa ya zuba su? Wa ya koya masu aikinsu? Wa ya ƙulla zaman lafiya tsakaninsu da jikina shekara talatin, ina ci ina sha ina yawo, ban ma san akwai wani zaman lafiya da ake riƙe mani ba?

Ni da nake ganin Allah yana can nesa, sai ranar Lahadi, Lahadin ma na daina zuwa. Ashe aikinshi yana gudana a cikin hanjina kowace safiya.

Sai kuma fuskoki suka fara zuwa mani. Matar da ta saya ta fasa wa jaririnta a Damari. Tsohon da na ce ya sha huɗu don ya fi saurin aiki. Ba cikina kaɗai na shiga da wuta ba. Na shiga cikin mutanen da suka yarda da ni, na yi ɓarna a wurin da ban taɓa gani ba, don in sayi agogo.

Kuka ya ƙwace mani, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na ce, "Saratu, kwance mani abin da ke ƙuguna." Ta sa hannu ta tsinke ƙullin bokan. Ashe wannan ma ta sani. Ta fita ta jefa shi inda ake ƙona shara, ta dawo ta durƙusa bakin gado ta riƙe hannuna.

Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, na yi ƙarya da sunan magani. Na taɓa aikin hannunka ban san shi ba. Ka gafarta mani. A da na roƙa a kashe su, yanzu ba na roƙon haka. Kai da ka sulhunta mu da Uba, ka sulhunta cikina. In kuma jaka ce rabona, ka ba ni zuciyar ɗaukarta."

Saratu ta ɗora da tata. Mutumin gadon kusa da ni, wani Bafulatani da aka yi wa aikin ƙafa, bai san me muke cewa duka ba, amma da muka gama ya ce, "Amin, Allah shi karɓa."

Ba zan yi maku ƙarya ba, ban tashi na yi tsalle ba. Rana ta uku jini. Ta huɗu jini. Ta biyar likitan fiɗa ya zo ya duba cikina, ya nuna wa Saratu inda za a buɗe. Amma tsoron ya tafi. Ina kallon yatsanshi a fatata, zuciyata kwance.

Rana ta shida da safe na zagaya. Na duba. Na sake dubawa. Na kira nas na ce ta zo ta gani, ko idona ne. Ta duba ta ce, "Babu jini."

Halleluya!

Ranar sau huɗu kawai na fita. Washegari sau uku. Likita ya zo ya karanta takardar da ke gindin gado, ya cire tabarau, ya ce, "Malam Yakubu, an fasa aiki." Saratu ta yi guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, nas-nas suna cewa ta yi shiru, su ma suna dariya.

Wani zai ce allura ce ta yi aiki. I, allura ta yi aiki, kuma ina gode wa Allah da ya ba mutane ilimin yin ta. Amma Likita da bakinshi ya ce mani akwai waɗanda ake yi wa ita ba ta karɓe su ba, kuma shi bai san dalili ba. Ni na san wanda na roƙa.

Ku saurari wannan kuma, don shi ne ya ƙarasa ni. Ranar sallama Likita ya ba ni wasu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, ya ce su zan riƙa sha kullum don kada ciwon ya tashi, kada in tsorata in fitsarina ya canza launi. Sai ya ce, "Ka san wani abu? Maganin nan a kulle yake. Haka zai wuce tumbinka bai yi komai ba. Sai ya isa babban hanji, waɗannan ƙananan da ka gani su ne za su fasa shi, sannan ya yi aiki a daidai inda gyambon yake. Ba a daɗe da gano haka ba."

Na ce, "Waɗanda na ce a kashe?"

Ya ce, "Su."

Na riƙe kwalbar ina kallo. Kai, Allah! Wane irin Allah ne wannan?

Yau shekara biyar ke nan. Ban ce maku ciwon ya tafi har abada ba. Sau ɗaya ya taso, lokacin da na ga na yi ƙiba na daina shan magani da ra'ayin kaina. Na koma Zariya da kunya, aka daidaita ni. Tun daga nan ban sake wasa ba. Na koma gona. Ina cin tuwo, ina shan fura da nono kaɗan-kaɗan, yaji ne dai muka rabu. Allah ya ƙara mamu ɗa namiji.

Abu ɗaya ya rage mani a wuya, na kuwa daɗe ina ja da baya. Bara Baba mai bishara ya ce mani, "Yakubu, Allah ya yafe maka, amma mutanen ba su ji daga bakinka ba." Sai na shirya na tafi kasuwar Damari, ba babur, ba lasifika. Na tsaya inda na saba tsayawa. Mutane suka gane ni, suka fara taruwa, wani yana cewa, "Ja-da-Yalo ya dawo! Ba ni na sule biyu!"

Na ce, "Jama'a, ban zo da komai ba. Na zo in ce maku abin da na riƙa faɗa maku ƙarya ne. Ban san magani ba. Na cuce ku, na cuci kaina. Ku yafe mani."

Wasu suka yi tsaki suka wuce. Wani mai irin tsohuwar sana'ata ya zage ni. Amma wani dattijo mai sayar da igiya, Malam Audu, ya kira ni gefe ya ce in zauna. Ya ce matarshi shekara biyu ke nan tana zubar da jini in ta zagaya, ta hana a faɗa wa kowa don kunya, kafso kawai yake saya mata. Ya ce, "Ɗana, wurin da aka kai ka, ana karɓar irinmu?"

Na ce, "Baba, ana karɓa. Ni zan raka ku."

Na raka su. Nata ba irin nawa ba ne, wani abu ne daban, kuma an same shi da sauran lokaci. Tana nan da ranta. Da kaka ta aiko wa Saratu da kwaryar wake.

'Yan'uwa, in akwai mai ɓoye irin wannan ciwo a cikinmu, ko mace ko namiji, kada kunya ta kashe ka. Ka yi addu'a, ka tashi ka je a duba ka, biyun ba su faɗa da juna. Kada ka sha magani don wani mai baki irina ya ɗaga shi a kasuwa.

Yanzu ina roƙon kowa ya ɗora hannu a cikinshi. Ku ɗora, har ku dattawa, ba abin kunya ba ne. A ƙarƙashin tafin hannunka akwai talikan da ba ka taɓa gani ba, suna yi maka aiki tun ranar da aka haife ka, kuma akwai wanda ya san kowane guda a cikinsu. In bai manta da su ba, kai ne zai manta da kai? Ku dogara gare shi.

Na gode wa Uba da ya yi ni, na gode wa Yesu da ya gafarta mani, na gode wa Ruhu da ya kwantar da yaƙin da ke cikina. Ɗaukaka ta tabbata gare shi har abada.

Amin.